Yadda ake mayar da riga mai matsala a karɓi haƙƙi, musamman mu masu jiki

Mu masu jiki mun fi kowa shan wahala wajen siyan kayan sawa na kanti, kuma mun fi kowa yin shiru in kayan sun zo da matsala. Siririya in rigarta ta zo ɗinki a warware kanta tsaye zata mayar ba wanda zai ce mata uffan, amma ke da kin buɗe baki amsar farko itace "Hajiya ai jikinki ne ya fasa ta", ko kuma "da kin faɗa min kin kai haka ai da na baki babba", sai kunya ta kama ki ki ninke riga ki tura ƙasan akwati, kuɗi sun tafi, ga kayanmu dama sun fi na kowa tsada saboda yadi ya fi yawa kuma ba kowane shago ke kawo su ba. Wannan shirun nake so mu daina. Rigar da aka ce faɗinta inci 54 ta zo 48 laifin mai kaya ne, ba ruwan jikinki a ciki, kuma tef ɗin awo shi zai raba gardamar. Bara in bi dake daki-daki.

Mataki na farko, tun kafin ki tura ko sisi

Nasan wata zata ce ni ai rigar ta riga ta zo, toh ki daure ki karanta wannan ɗin ma dan gaba, saboda rigimar mayar da kaya tun ranar ciniki ake cin ta ko a faɗi.

Ki samu tef irin na teloli ki auna ƙirjinki ta inda ya fi cika, sai ƙugu, sai mazaunai ta inda suka fi faɗi, sai damtse, sai tsayi daga kafaɗa zuwa inda kike so rigar ta tsaya. Dan Allah kar ki manta da damtsen nan, nan ne aka fi cutar mu. Kamfanoni da yawa a kan ƙaramin jiki suke tsara riga, in zasu yi manyan lambobi sai su ƙara faɗin jiki da tsayi su bar hannu da hammata kusan yadda suke, shi yasa zaki ga riga tana miki yawo a ciki amma hannu ya ƙi wuce gwiwar hannu. Ki ajiye awon a waya da inci da kuma santimita, inci ɗaya santimita 2.54 ne, wato inci 48 kusan santimita 122 kenan, tunda kayan Chaina da Turkiyya da santimita suke rubuta awonsu.

Sai maganar lambar da ke jikin riga, wadda ita ke rikita mutane. Lamba 18 ta Ingila itace 14 a Amurka, itace 46 a Turai da Turkiyya. 20 ta Ingila 48 ce a Turkiyya, 24 kuma 52. Amma abaya ta Dubai in kinga 52, 54, 56, 58 ko 60 a wuyanta, wannan tsayinta ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, bai faɗi komai a kan faɗi ba. Kinga kenan 52 ta Turkiyya riga ce babba, 52 ta abaya kuma ta gajeriyar mace ce. Masu siyarwa da yawa su kansu basu san wannan ba, zata ce miki "akwai 58 babba ce zata miki" alhali 58 ɗin ta doguwa ce, ta zo tana jan ƙasa kuma ta matse ƙirji. Kayan Chaina kuma 4XL ko 5XL ɗinsu sau tari ya fi na Ingila ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Abun da ake ce wa firi sayiz kuwa, wato riga mai awo ɗaya da ake cewa zata yi wa kowa, ni dai shawarata ki bar shi sai kinga awo, ba damu aka yi lissafinsa ba.

Dan haka kar ki tambayi mai kaya "zata min?", ki ce mata ta shimfiɗa rigar a ƙasa ta ɗora tef daga hammata zuwa hammata ta turo miki hoto, haka faɗin hannu, haka wajen mazaunai. Abun da tef ya nuna sai ki ninka biyu. In yadin baya miƙewa ki bar rarar inci uku zuwa huɗu a kan awonki, misali ƙirjinki 48 ne toh rigar ta zama wajen 52, wato 26 a shimfiɗe. Mai kayan da ta ƙi aunawa tana cewa bata da lokaci, ita ma ranar da matsala ta zo bazata samu lokacinki ba, ki nemi wata.

Sannan ki yi mata tambaya uku a rubuce, ba a kira ba: in ta zo da matsala ana canzawa ko ana mayar da kuɗi, cikin kwana nawa, kuma wa zai biya kuɗin mota. Ki ɗauki sikirinshot na amsar nan take, da hoton rigar da kika gani, saboda sitatus na WhatsApp awa 24 ne ya ɓace, saƙo kuma ana iya goge shi ta ɓangare biyu. In zaki yi taransifa ki rubuta a wajen bayani abun da kika siya, kamar "kuɗin abaya baƙa 56", ki ajiye rasit. In sunan akawun ɗin ba nata bane ki sa ta rubuta miki cewa ita ta baki shi.

Mataki na biyu, ranar da kaya suka iso

Kar ki yage leda a bakin ƙofa dan ɗoki. Ki samu wuri mai haske, da rana ya fi, ki jingina waya ko ki ba wani ya riƙe, ki fara bidiyo tun ledar tana rufe, ki nuna takardar da aka manna mai sunanki, ki buɗe, ki warware rigar gaba da baya, duk a bidiyo ɗaya ba yankewa. Minti biyu ya isa. Wannan bidiyon shi ke kashe maganar "lafiya lau na turo ta, a hannunki ta lalace".

Daga nan ki juya rigar ciki ya koma waje ki bi ɗinkin da yatsa. Hammata, gefe da gefe, bayan siket, tsakanin cinyoyi in wando ne, inda hannu ya haɗu da kafaɗa. Ki ja zif sama da ƙasa sau da yawa ki ga ko yana cin yadi ko yana buɗewa ta tsakiya. Ki shafa duwatsun jikin abaya da tafin hannu, in da gam aka liƙa su kuma gam ɗin ba mai kyau bane nan take zasu fara zubowa. Ki ɗaga yadin saitin taga, huda da zaren da ya tsinke a saƙa zasu fito. Ki duba tabon man keke, ki haɗa hannayen biyu ki ga ko ɗaya ya fi ɗaya, ki duba ko kalar hannu ta bambanta da ta jiki. Akwai kuma wata matsala da mutane basa lura da ita sai sun sa rigar, shafin ciki ya fi rigar kanta ƙanƙanta, daga waje riga wadatacciya amma ciki ya ɗaure ki, wannan ma kuskuren ɗinki ne, ki auna shafin daban.

Sai ki shimfiɗa ta ki ɗora tef yadda aka yi miki a hoto, ki ɗauka lambar tana fitowa ɓaro-ɓaro. Bambancin rabin inci ko inci ɗaya ba abun rigima bane, hannu ne ya yanka, amma inci uku huɗu wata rigar ce daban aka kawo miki. In kina zargin zata zuba, ki jiƙa farin hankici ki ɗan danna a kalmasar ƙasa ta ciki inda ba'a gani, in kala ta fito ki ɗauki hoto.

Gwadawa itace ta ƙarshe, kuma anan ake yawan ɓata hujja. Ki gwada jikinki ba turare, ba humra, ba hoda ba janbaki, ɗakin ma ba wanda aka turara yanzu ba, saboda turaren wuta in ya kama yadi shikenan za'a ce kin sa kin fita. Kar ki cire tag. In kin ji ta ƙi shiga kar ki tilasta, ki cire a hankali, tef ya riga ya faɗi abun da ake buƙata. Kuma komai takaicinki kar ki wanke, kar ki goge, kar ki kai wa tela ya "ɗan taɓa", da almakashi ya shiga ciki maganar mayarwa ta ƙare.

Mataki na uku, ki tsaya ki gane wane irin matsala ce

Wannan wajen yana son gaskiya tsakaninki da Allah, saboda abubuwa ne daban-daban kuma haƙƙinki a kowanne ba ɗaya bane. Akwai aibi, wato yagewa, tabo, zif da ya mutu, ɗinki a warware, kala mai zuba. Akwai kaya ba yadda aka siffanta ba, an ce 54 ta zo 48, an nuna yadi mai kauri an kawo shara-shara, kin zaɓi ruwan toka an kawo ruwan ƙasa. Sai na uku, riga lafiyarta ƙalau kuma awon da aka faɗa shi ya zo, kawai dai bata miki kyau ba ko ke kika zaɓi ƙarama. Biyun farko haƙƙinki ne. Na ukun alfarma zaki nema, da bakin alfarma, kuma wallahi kar ki ƙirƙiro wa riga aibi dan a karɓa, masu kayan nan da yawa mata ne irinmu da ɗan jarinsu.

A addini ma haka malamai suka raba. Wanda ya siyi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa ko bai gani ba lokacin ciniki yana da zaɓin mayarwa, kuma kowa ya san hadisin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me yasa bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus baya tare damu. Wanda kuma ya siya lafiya sannan ya yi nadama, karɓar kayan daga hannunsa kyautatawa ce mai lada ga mai siyarwa, ba dole ba.

A dokar Najeriya akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu siya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar hukumar kare masu siya ta CPC. Dokar ta ba mai siya wata uku daga ranar da aka kawo masa kaya ya mayar dasu in suna da aibi, ba tare da an ci shi tara ba, kuɗin mayarwar ma a wuyan mai siyarwa, shi kuma ko ya gyara ko ya canza ko ya mayar da kuɗi. Rubutun nan da ake mannawa a shago ko a saman shafin Instagram cewa kayan da aka siya ba'a dawo dasu, bai goge wannan haƙƙin ba. A 2022 ma babbar kotun jihar Enugu ta yanke cewa tsarin "ba'a mayar da kuɗi" na wani kamfanin motocin haya ya saɓa wa doka, har ta sa ya biya fasinjan diyyar naira 500,000. Amma fa duk da wata ukun nan, riga ba firij bace, in kika bari sati uku ya wuce zai yi wuya ki gamsar da kowa cewa baki sa ba. Ranar da kaya suka zo, ranar zaki yi magana.

Gwanjo daban ne. In kin tsaya a Ƙofar Wambai ko Kasuwar Barci kin ɗaga kin duba kin biya, an san na hannu ne, ba mai karɓa. Haka in mai kaya ta nuna miki tabon tun farko ta yi miki ragi saboda shi.

Mataki na huɗu, saƙon farko

Kar ki fara da kira, kuma kar ki fara da boyis na minti biyar kina huci. Ki rubuta, gajere, da sallama da girmamawa, da hujja a manne. Kamar haka:

"Assalamu alaikum Hajiya, ya kasuwa. Saƙo ya iso yau da rana, nagode. Sai dai abayar ta zo da matsala biyu, ɗinkin hammatar dama a warware yake kusan inci uku, sannan faɗin ƙirji da muka yi magana 26 a shimfiɗe na auna 23 ne. Ga bidiyon buɗewa da hotunan awo, ga kuma saƙonki na ranar da na biya. Ban sa ba, tag yana jiki. Ina so a canza min da mai awon da muka yi, in babu a mayar min da kuɗina. Dan Allah ki sanar dani zuwa jibi yadda zamu yi."

Kin gaishe ta, kin faɗi matsalar da lamba, kin faɗi abun da kike so, kin sa rana. Baki ce ta cuce ki ba, saboda sau da yawa ita ma a leda aka kawo mata daga Kwari ko Dubai bata buɗe ba, kuma wadda baki zaga ba ta fi saurin sauraronki.

Toh in amsar ta zo da maganar jiki fa, tunda zata iya zuwa. Anan nake so ki dake. Kar ki shiga bayanin nauyinki, kar ki ba da haƙuri, kar ki tura hoton jikinki dan ki nuna baki kai haka ba, ba wanda ke binki wannan bashin kuma hoto in ya bar wayarki baki san inda zai tsaya ba. Ki mayar da ita kan tef kawai: "Hajiya ba maganar jikina muke ba, kin ce 26 ga tef ya nuna 23." In ɗinki ne ya buɗe ki ɗauki hoton kusa-kusa, ɗinkin da keke ya tsallake ko aka yi shi a bakin-bakin yadi ba'a bar rara ba zaki ga yadin lafiyarsa ƙalau zare ne kawai babu, wanda aka fasa da ƙarfi kuwa yadin kansa ke tsagewa ko ya saki a gefen ɗinkin. Duk tela ya san bambancin. Hausawa suka ce kunyar mara kunya asara ce, wadda ta iya kallon kuɗinki ta ce miki jikinki ne, bai kamata ke ki ji nauyin cewa a baki haƙƙinki ba.

Mataki na biyar, abun da zaki yarda dashi

Canji ya fi sauƙi in akwai, amma ki sa a auna sabuwar a turo hoto kafin a sa a mota, saboda in duk dilar haka aka yanka ta, ta biyun ma haka zata zo. Matsalarmu kuma manyan lambobi kaɗan ake kawowa kuma su ke fara ƙarewa, dan haka in aka ce "ki jira kaya na hanya" ki nemi rana takamaimai, ki rubuta cewa in ranar ta wuce kuɗi za'a mayar. In ƙaramin abu ne kamar zif ko ɗinki inci biyu kuma kina son rigar, ki tambayi telanki nawa zai gyara, ku yi magana a rage miki wannan kuɗin, a rubuce, sannan ki kai gyaran. Wani lokacin wannan ya fi komai, musamman ana gobe sallah ko biki ya matso.

Wanda nake so ki yi hattara dashi shine "ki zaɓi wani abu a madadin kuɗin". In shagon bashi da kaya masu yi miki, kuɗinki sun maƙale kenan, ƙarshe ki kwashi mayafai da jakar da baki yi niyya ba. In aibi ne kina da damar cewa a'a nagode, kuɗin nake so.

Mataki na shida, tura kayan

Kar ki tura sai kun gama magana a rubuce, me za'a yi in ta isa, wa ya biya mota. Ki yi bidiyon ninkewa kina nuna tag da yanayin rigar, ki sa a ledarta ki ƙara wata a sama ki naɗe da salatif, ki sa 'yar takarda mai sunanki da lambar oda a ciki. In ta tasha ce ki karɓi lambar direba da lambar mota ki tura mata nan take, in kaya masu tsada ne gara kamfanin aike irin GIG ko gidan waya inda za'a baki rasit da lambar bibiya. Da ta karɓa ki sa ta rubuta "na karɓa".

In daga babban kamfani kika siya

Anan ba Hajiya ba gaisuwa, agogo ne ke aiki. Jumia kwana 7 suke bayarwa a yawancin kaya, ASOS kwana 28, AliExpress kuma kwana 15 bayan an tabbatar kaya sun iso ki buɗe ƙorafi. Suna canza tsari lokaci-lokaci, dan haka ki karanta na ranar da kika yi oda ki ɗauki sikirinshot. Ki shiga cikin manhajar ta wajen odar ki danna mayarwa, kuma wajen zaɓar dalili ki zaɓi na gaskiya, kaya sun lalace ko ba yadda aka siffanta ba, kar ki danna "na fasa" dan shi ne a sama, saboda dalilin da kika zaɓa shi ke nuna wa zai biya kuɗin aike. Ki ɗora hoton tef kusa da hoton jadawalin awon da suka sa a shafin. In ƙaramin ɗan kasuwa a AliExpress ya roƙe ki ki rufe ƙorafin zai turo wata, kar ki rufe sai kuɗi ko kaya sun zo hannu. In kuna hira da kwastoma kiya, wato sashen sauraron masu siya, kuma injin nan mai amsa da kansa yana ta juya ki, ki nace a haɗa ki da mutum, ki karɓi lambar ƙorafi da sunan wanda kuka yi magana, duk sanda kika dawo ki fara da lambar dan kar ki sake labari daga farko.

Masu yin oda daga shagunan Ingila zuwa gidan 'yan uwa, dokar can ta 2015 ta ba da kwana 30 a mayar da kaya masu aibi a karɓi kuɗi cif, siyayyar intanet kuma akwai kwana 14 na fasawa ko ba aibi. Amma lissafin daga ranar da kayan suka isa wancan gidan yake farawa, ba ranar da kago ya sauka a Kano ba, sai ki roƙi 'yar uwar ta buɗe ta duba ta auna miki tun suna can. Wadda kuma ta siya ta hannun mai yin oda daga Chaina ko Turkiyya, wadda ta karɓi kuɗinki ita zaki bi, maganar "kamfani ne suka yi kuskure" tsakaninta dasu ne.

In an ƙi sauraronki

Ki sake rubutawa sau ɗaya, cikin natsuwa, ki faɗi ranar ƙarshe da inda zaki kai maganar. In mai shago ne a kasuwa irin Kantin Kwari ko Sabon Gari, ki je da wani babba a samu shugabannin layi ko ƙungiyar 'yan kasuwa, sun saba raba irin wannan kuma ɗan kasuwa baya son a kira shi gabansu. In kun san wani tsakani, shi ma hanya ce. In bai yiwu ba FCCPC suna karɓar ƙorafi ta shafinsu na intanet kyauta, ki ɗora rasit da hotuna da hirarku, Kano kuma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu siya ta jiha. Akwai kotun ƙananan ƙararraki a jihohi irin Kano da Legas inda ba sai da lauya ba. In da kati kika biya kamfanin waje, ki je bankinki ki cike takardar ƙalubalantar biyan, yawanci cikin kwana 120 ake yi, in banki sun yi sati biyu basu kula ki ba ki kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN. Taransifa zuwa akawun ɗin mutum kuwa banki bazai ciro miki ba dan kawai riga ta zo a yage.

Abu biyu kar ki yi. Kar ki ɗauko 'yan sanda a kan rikicin ciniki, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sai dai in damfara ce ta gaske, an karɓi kuɗi an yi bulokin ɗinki ba kaya. Na biyu ki kula da abun da zaki rubuta a Facebook ko TikTok cikin fushi. A 2023 wata mata a Legas ta rubuta ra'ayinta kan wani tumatirin gwangwani aka kama ta, shari'ar ta daɗe tana jan ta. In zaki faɗakar da mutane ki tsaya kan abun da ya faru da hujjarki, ranar kaza na biya, an ce kaza, ga abun da ya zo, ba ɓarauniya ba 'yar damfara, ba hoton fuskarta ko na 'ya'yanta.

In tela ne ya ɓata miki ɗinki hanyar kusan ɗaya ce, sai dai hujjarki itace littafin da ya rubuta awonki, dan haka ranar awo ki ɗauki hoton shafin, kuma ki ce ya bar rara a cikin ɗinki yadda za'a iya buɗewa. In turmin atamfa yadi shida bazai ishi ɗinkin da kike so ba gara ya faɗa tun kafin ya yanka.

In an ce an mayar da kuɗi kar ki tsaya kan sikirinshot ko alat na tes, ki buɗe manhajar bankinki ki ga balans da idonki, na kamfanonin waje kuma yakan ɗau kwanaki kafin ya faɗo kati, ki rubuta ranar da suka ce ki bibiya. In canji aka turo ki sake yin bidiyon buɗewa da awo kamar na farko. Komai ya yi daidai sai ki rubuta mata kin gani kin gode, ki ajiye awon rigar da ta yi miki ɗin a waya, shi zaki tura wa mai kaya ta gaba.